Saura Ginshiƙi Uku

Kwana bakwai muka yi muna zaman makoki, kuma a kwana bakwan nan magana ɗaya ce ta fi yawo a bakin mutane: an gode wa Allah da Baba ya cika a ɗakinsa. Matan zumunta sun faɗe ta suna sauke tulunan ruwa. Dattawan ikilisiya sun faɗe ta suna gyara zama a kan benci. Fasto ma sai da ya sako ta cikin wa'azi a bakin kabari, ya ce ba kowa Ubangiji ke yi wa wannan gata ba, mutum ya rufe ido a gidan da aka haife shi. Jama'a suka ce amin. Ni ban ce ba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ɗauka kuka ne ya hana ni.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne ƙanen marigayin, wanda muke kira Baba Ƙarami. Sai da maza biyu suka riƙe shi a bakin rami. Ba na zarginsa da kukan ƙarya. Da na ƙarya ne ma da na fi samun sauƙi, don da na san inda zan ajiye fushina.

Ni matar ɗan marigayin ce na biyu, kuma ni na yi jinyarsa a asibiti a Kafanchan tun daga ranar da aka kwantar da shi har ranar da aka ɗauko shi. Ina rubuta wannan ne don na ga yadda labarin ke gyaruwa a bakin mutane tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Nan da shekara biyu jikokinsa za su ji cewa kakansu ya tsufa, ya yi ciwo, ya mutu. Ba haka aka yi ba.

Manomin citta ne a wani ƙauye bayan Fadan Kaje, dogo, siriri, mai manyan kunnuwa. Ni 'yar wajen Manchok ce, yarenmu daban da nasu, saboda haka da Hausa muke magana da shi. Hausar tasa kuwa ba ta san mace ba: ni "kai", matarsa "kai", akuya ma "shi". Tun ranar da aka kawo ni gidan ya raɗa mini Malama, don ina koyarwa a firamare, kuma bai taɓa faɗin sunan ba tare da ɗan murmushin tsokana ba.

Maganarsa ɗaya ce wadda duk ƙauyen ya san shi da ita: "A bari ya kai." Idan motocin 'yan kasuwa suka fara shigowa, kowa ya ruga gona da fartanya, shi sai ya je ya tsaya a bakin tasa gonar, hannu a baya, ya dubi ganyen, ya dawo gida. Sai ganye ya bushe ya kwanta da kansa yake yarda a tona. Yara na kwaikwayonsa a bayan idonsa. Idan tuwo bai dahu ba, "a bari ya kai". Idan saurayi na gaggawar aure, "a bari ya kai". Ya san ana yi, bai damu ba.

Faɗanmu na farko ma a kan haka ne. Shekarata ta farko a gidan, baƙi suka zo babu shiri, na zagaya bayan ɗaki na tone gwazarsa. Da yamma sai ga shi da ƙananan 'ya'yan gwazar da na bari a ƙasa, ya zubo su cikin hularsa, ya ajiye a gabana. Ni kuwa lokacin bakina bai mutu ba. Na ce, "Baba, ai baƙi ba za su zauna jiran gwaza ba." Kwana uku ina gaishe shi yana amsawa da hanci. Rana ta huɗu ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Malama, yaro na aji ɗaya, kana ba shi takardan gama makaranta?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Faɗan ya ƙare ke nan.

Alherinsa da ba zan manta ba kuwa, lokacin da cikina na biyu ya zube ne, ana tsakiyar yankan acca. Aiki ya yi wa gidan yawa. Kwana goma da abin, surukata, wadda ita ma yanzu ba ta duniya, ta ajiye mini lauje a ƙofar ɗaki. Ba mugunta ba ce, ita haka aka yi mata. Ina shirin ɗaura zane sai na ji muryar Baba a tsakar gida.

"Wa ya sa wannan a nan?"

Surukata ta ce ai jinin ya tsaya.

Ya ce, "Jini ya tsaya, shi ne ya warke? Ba ya fita."

Ya ɗauke laujen, ya jawo kujerarsa ya dasa a ƙofar ɗakina, ya zauna yana tufka igiya. Wata guda cur, kullum da safe sai ya zauna nan har mata sun wuce gona, sannan ya ɗauki nasa laujen ya bi su. Dattijon ikilisiya guda, yana gadin ƙofar matar ɗansa! An yi masa dariya a ƙauyen har ta ishe su.

A daminar bana ne hanjinsa ya murɗe. Aka kai shi Kafanchan yana ihu, mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba. Mijina yana aikin jirgin ƙasa, an tura shi kudu, makaranta kuma tana hutu, don haka jinya ta faɗo kaina. Aka yi masa tiyata a ranar. Kwana goma sha biyu ya yi a babban ɗaki, ana ƙara masa ruwa, allura safe da yamma, likita na zagayowa kullum. 'Yan gida da suka zo dubiya a kwanakin nan sun koma da farin ciki. Sun ga kwalba a rataye, sun ga allura, sun ce lallai ana aiki.

Rana ta goma sha uku aka cire ruwan, aka mayar da mu wani dogon ɗaki a can bayan asibitin, kusa da itatuwan mangwaro da murhun masu jinya. Nan ake ajiye waɗanda suka tsallake haɗari amma ba su isa komawa gida ba. Babu allura. Ƙwaya biyu da safe, a wanke ɗinki, a canza bandeji, sai kunu da fate mai ruwa. Likita sai bayan kwana uku yake leƙowa. Mai iko da wurin wata nas ce da ake kira Sista, gajeriya, mai faɗa, wadda ba ta bari a ba mara lafiya ko lomar tuwo sai da izininta.

Ɗakin yana da baranda mai ginshiƙi goma sha biyu. Dokar Sista ita ce, duk wanda aka yi wa aikin ciki ba ya tafiya gida sai ɗinkinsa ya rufe, kuma ya taka daga ginshiƙi na farko zuwa na goma sha biyu ya dawo, babu sanda, babu mai riƙe shi. Ranar da ta yi wa Baba wannan bayani ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Wannan mace, ya san noma." A wurinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Ranar farko ginshiƙi ɗaya ya yi, ya jiƙe da gumi. Gadon da ke kusa da nasa na wani Bahaushe ne mai sayar da gishiri a kasuwar Zangon Kataf, shi ma aikin ciki aka yi masa, kuma ya fi Baba jin jiki. Su biyun suka mayar da barandar filin tsere. Da hantsi ya yi sai ka ji Baba yana cewa, "Abokina, tashi, jirgi ya yi kuka." Mai gishiri ya ce, "Dattijo, ka yi gaba, ina nan tafe. Mai kaya ba ya gudu." Tsofaffi biyu, kowa dafe da cikinsa, suna jan ƙafa suna zolayar juna. Idan mai gishiri zai yi salla a zaune kan gado, Baba ne ke tsawata wa masu hira. Ran Lahadi kuma mai gishiri ne ke kashe rediyonsa don Baba ya rera waƙarsa ta sujada da muryar nan tasa mai kama da ta tsohon zakara.

Mako uku muka yi a ɗakin, kuma ba na jin na taɓa ganin Baba cikin nishaɗi kamar lokacin. Fuskarsa ta ciko. Ya fara ƙorafin cewa kununa ba tsami. Ya ajiye sanda a ginshiƙi na bakwai. Ranar Asabar ya taɓa na tara ya dawo da ƙafarsa, ya zauna a bakin gado yana haki yana dariya. Sista ta duba ɗinkin ta ce gefe ɗaya ne bai gama haɗewa ba, a ba shi mako biyu.

Washegari Lahadi, bayan sujada, Baba Ƙarami ya iso da dattawa biyu na gidan. Wannan ne zuwansu na farko tun da aka canza mana ɗaki. Sun fara zuwa babban ɗaki ba su same mu ba, aka nuna musu baya. Tun daga nesa na ga fuskarsu. Baba Ƙarami ya dubi gadon, ya dubi sama inda kwalbar ruwa ya kamata ta kasance, ya jawo ni waje.

"Yaushe rabonsa da allura?"

Na ce mako uku, don ya samu sauƙi ne.

"Dokta fa?"

Na ce bayan kwana uku yake zuwa.

Ya dubi sauran biyun, suka girgiza kai tare. Na yi bayani, na nuna ginshiƙai, na faɗi abin da Sista ta ce. Sun ji kowace kalma, ba wai ba su gane ba. Amma a wajenmu, wanda ake yi wa magani allura ake yi masa. Wanda aka daina yi wa allura, aka kai shi ɗakin baya, likita ya rage zuwa, to an sallama shi ga Allah, ana dai ɓoye wa dangi ne. Ɗaya daga cikinsu ya ce haka aka yi wa wani a ƙauyen gaba, sai gawa aka kawo. Fuskar da ta ciko ma suka ce kumburi ne. Kuma a gidansu maigida ba ya mutuwa a waje. A ɗakinsa yake cikawa, ya bar wa na baya magana, a fitar da shi ta ƙofarsa.

Sista ta zo ta same su suna naɗe tabarma. Ta yi faɗa har masu jinya suka taru.

"Wa ya ce muku zai mutu? Ni na ce? Mutumin da ya yi tara jiya! Ku sa shi a motan nan, a hanyan nan naku, ɗinkin zai buɗe. Ina gaya muku a gaban mutane."

Baba Ƙarami bai ko kalle ta ba. Ya durƙusa a gaban gadon wansa, ya kama hannunsa, ya yi magana da Hausa don kowa ya ji. "Yaya, kakanmu a ɗakinsa. Babanmu a ɗakinsa. Kai kaɗai ne za a kawo mana a bayan mota, an naɗe ka kaman kaya? Me zan gaya wa mutane?" Hawaye na zuba a fuskarsa.

Mai gishiri daga gadonsa ya ce, "Bayin Allah, ku yi haƙuri ku bar shi ya ƙarasa. Ni da nake bayansa ma ban fid da rai ba." Ɗaya dattijon ya ce masa maganar gida ce.

Baba ya dubi ƙanensa. Sai ya juyo ya neme ni da ido, ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tukunya.

"Malama, kai ne kana nan kullum. Me ka gani?"

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Na san amsar. Ni na wanke ɗinkin da hannuna, ni na ƙirga ginshiƙan. Amma mazan gidan mijina uku na tsaye, idonsu a kaina, mijina ba ya nan, kuma shekara tara ina koyon yadda matar ɗa ke sunkuyar da kai a gaban manya. Na kuma yi tunanin, idan na ce a bar shi, ya zo ya mutu a nan fa? Har abada za a ce baƙuwar nan ce ta hana tsoho mutuwa a ɗakinsa. Na ji tsoro, ba shi na ji wa ba, kaina na ji wa. Na ce, "Baba, yadda manya suka gani."

Ya ci gaba da kallona kaɗan. Sannan ya ce, "To. A kawo mini hula."

Aka kawo takarda Baba Ƙarami ya dangwala yatsa. Sista ta ba ni bandeji da ƙwayoyi a ƙunshe, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Da muka fito, ta baranda muka bi, su biyu suna riƙe da shi ta hammata. Haka ya wuce na goma, na sha ɗaya, na sha biyu, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa.

Motar katako muka samu, cike da buhuna da mutanen kasuwa. Wanda ya san hanyarmu da damina ba ya bukatar bayani. Duk ramin da muka faɗa ina jin yadda yake matse hannuna. Inda mota ta tsaya kuma sai aka ɗora shi a bayan keke ana turawa. Da na buɗe bandejin a gida, gefen nan da Sista ta faɗa ya buɗe kamar tsawon yatsa.

A gida kuwa aka yi murna, har da guɗa. Daga ranar ƙofar ɗakinsa ba ta huta ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai Baba ya tashi zaune, don dattijo ba ya amsa gaisuwa a kwance. Na kawo kunu, aka ce da wannan ruwan ne aka so a kashe shi, aka tuƙa masa tuwon dawa da nama. Aka kirawo wani mai yawo a keke da akwatin allura, ya yi masa guda biyu a rana ɗaya. A ranar Baba Ƙarami ya ce mini, da irin Hausar wansa, "Ka gani? Yanzu ne an fara magani."

A rana ta biyar zazzaɓi ya shiga. A ta takwas ɗinkin ya fara wari. Na ce a mayar da shi, a hankali na faɗa, ga matan gida na faɗa, wato inda ba shi da amfani. Aka ce ai ga shi, abin da likitoci suka gani ke nan tun farko suka ɓoye. Ciwon da hanya ta jawo shi ya zama shaidar cewa sun yi daidai. Har yau idan na tuna wannan sai in ji abinci ya fita raina.

Wata rana da la'asar ina goge masa jiki, mu biyu kaɗai, na kasa daurewa na durƙusa na ce ya gafarta mini. Ya ce, "Na me?" Na ce ya sani. Ya kalli rufin ɗaki. Ya ce, "Kai ka ji tsoronsu. Ni ma na ji. Ni ne babba, da na ce a'a." Can kuma ya ce, "Abokina fa, ko ya kai nawa yanzu?" Kwana goma sha shida da dawowarmu ya cika, da rana tsaka, a ɗakinsa, yadda aka so. Saƙo bai isa wurin mijina a kan lokaci ba, sai kabari ya tarar.

Amsar tambayar Baba ta zo ranar bakwai. Muna zaune sai ga wani baƙo da farar hula ya yi sallama, riƙe da ƙunshin gishiri. Mai gishiri ne. An sallame shi, ya ji labari a kasuwa, ya sauka a bakin titi ya tako har ƙauyen da ƙafarsa. Aka ba shi benci. Ya yi ta'aziyya, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Baba Ƙarami, wanda bai gane shi ba, ya fara ba shi labarin da yake ba kowa: yadda asibiti suka jefar da wansa a ɗakin baya, yadda Allah ya sa suka je a kan lokaci.

Mutumin ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "A ɗakin nan na kwanta, gadona na jikin nasa. Ranar da kuka ɗauke shi yana na tara, ni ina na shida." Babu wanda ya gane lissafin sai ni. Baba Ƙarami ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya juyo ya ce in kawo wa baƙo ruwa. Na kawo. Ya sha, ya dube ni, ya tashi ya kama hanya. Na tsaya a bakin danga ina kallonsa yana tafiya babu sanda har ya sha kwana.

Da yammar ranar mazan gida suka zauna a tsakar gida don raba ayyuka kafin 'ya'ya su watse. Ina kwashe kwanuka na ji Baba Ƙarami yana cewa a kira gayya ranar Asabar a tone cittar marigayi, tun da hannuwa sun taru. Na san gonar, na bi ta gefenta da safe, ganyen kore shar. Ban san lokacin da na ajiye kwanukan ba. A tsaye, ban durƙusa ba, a gaban dattawa da mijina da kowa, na ce, "Ba ta kai ba. A bari ta kai."

Na jira tsawa. Na jira a tambayi mijina ko shi ya aiko ni. Baba Ƙarami ya ɗago ya dube ni, ya dubi sauran, ya share ido da bakin rigarsa.

"Gaskiyansa ne," ya ce. "Haka Yaya zai ce. A bari."

Shi ke nan. Babu wanda ya yi musu, suka wuce zuwa maganar rumbu.

Ubangiji ya ba Baba hutun da muka hana shi. Cittar tana nan a ƙasa, ganyenta ya fara rawaya. Ni kuwa kullum na wuce ta gonar sai na tuna cewa bakin nan nawa ne, mutanen nan su ne dai na ranar asibiti, kuma sau ɗaya na buɗe shi suka ji. A kan citta na buɗe shi.